Yadda demarer ɗin wata VX ya tada tsohuwar kat-kat ɗina

Motar da nake neman abinci da ita Land Cruiser ce buɗaɗɗiya, samfurin 75, mai injin gazuwal 1HZ, kuma ta girmi yaron motata da shekaru. Aikinta jigilar kaya da mutane daga Damagaram zuwa kasuwannin ƙauye, wani zubin hanyar Tanut, wani zubin mu bi ta Gure mu saki kwalta mu faɗa rairayi wajen Tesker. Wutarta volt 24 ce, batir biyu a haɗe a jere. Wannan wutar ce ta sa neman demarer ɗinta, wato abin da ke juya injin ya tada shi, wanda mutanen Kano ke ce wa kik, ya ci mini lokaci fiye da yadda na zata.

Ciwon ya taso ne da sanyin hunturu. Ka murɗa makulli da asuba, ka jira bujin zafi su ɗumama injin, ka ƙara murɗawa, sai ka ji ƙas ɗaya, shiru. Ka sake, ka sake, can ya kama ya juya da ƙyar. A cikin gari abin da sauƙi, ƴan tasha za su kama maka turi. A daji kuwa babu wannan zancen. Injin mai silinda shida ne, lita 4.2, matsin iskarsa ya kai kusan ninki 22, ga buhunan hatsi a baya, ga tayu a nutse cikin yashi. Mutum goma ma ba za su tura ta har ta kama ba. Direbobi da yawa shi ya sa ba sa kashe injin in sun tsaya a hanya, suna ƙona gazuwal a banza, ko su nemi kan tudu su kwana.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota a Sabon Gari, wanda kowa ke ce wa Baba. Da na ce a cire demarer sai ya ce, "Ɗana, kunna fitilun gaba tukuna." Na kunna, ya ce in murɗa makulli yana kallo. Hikimar ita ce, in fitilu sun dushe sosai lokacin da aka murɗa, to ko batir ya yi rauni, ko kan batir ya yi datti, ko demarer na jan wuta amma ya kasa juyawa. In kuma ba su ko motsa ba sai ƙarar ƙas, to wutar ba ta ƙetare zuwa cikin demarer ba. Nawa ya nuna halin biyu: wani lokaci fitilu ko gezau, wani lokaci su kusa mutuwa. Baba ya auna batiran ɗaya bayan ɗaya, ya kankare kawunansu, ya kwance wayar mas, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, da ke tsakanin injin da ƙarfen mota ya goge ta ya mayar. Ya ce ya sha ganin mutum ya sayi demarer alhali wayar mas ce ta yi tsatsa. Tawa dai ba ta canza hali ba, sai aka shiga ƙarƙashi.

Kafin sifana ta taɓa komi, yaron Baba ya cire wayar mas daga batir, ya kuma cire guntuwar wayar da ta haɗa batiran biyu. Babbar wayar da ke zuwa demarer kai tsaye take daga batir, babu fis a tsakani, kuma in sifana ta haɗa ta da ƙarfen mota za ta yi walda nan take a hannun mutum. Aka sa duwatsu a tayu, aka fitar da giya. Demarer yana can ƙasa ta bayan injin, inda injin ya haɗu da akwatin giya, noti biyu ne ke riƙe da shi, sai babbar waya da ƙaramar wayar makulli. Notin sama ne mai wahalar kamawa, sai da aka ƙara wa sifana hannu.

Da aka buɗe shi a kan benci na ga abin da ke faruwa a ciki duk lokacin da na murɗa makulli. Akwai otomatik, wato naɗin wayar da ke zama maganaɗisu in wuta ta shige shi. Aiki biyu yake yi a bugu ɗaya: ya tura bendiks, ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai haƙora, ya shiga cikin haƙoran zoben da ke kewaye da faifan injin, sannan ya haɗa wasu tagulla biyu domin babbar wuta ta wuce zuwa motar demarer. Tagullan nan suna cinyewa da shekaru saboda tartsatsin da suke sha, kuma su ne suka fi jawo ƙas ɗin nan. Da su kaɗai ne, da jikkuna kaɗan sun sallame ni, don ana sayar da su daban. Nawa tagullan sun cinye, sharbo, wato ƴan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, sun gajarce, sannan wurin da sharbon ke gogawa ya yi baƙi ƙirin, dalmar da ke riƙe da wayoyi ta narke ta fantsama a jikin kwanon. Warin ƙuna kaɗai ya isa shaida. Baba ya ce ana iya ba masu naɗi su sake naɗa shi, kuma da motar cikin gari ce da ya ce a yi hakan, amma ba zai ɗora wa mai shiga Tesker naɗin da bai san irin wayar da aka yi shi da ita ba.

Sabo na asali kuɗinsa ya fi ƙarfina a lokacin. Akwai sababbi masu araha cikin kwali mai sheƙi, babu sunan maƙerin kirki a jiki, kuma abokan aikina da suka saka su ba su yaba ba. Ni a ganina tsohon na Japan da aka ciro daga mota ya fi su, in an duba shi da kyau. Kayan hannu ma sun yi tsada tun da iyakoki suka rikice a 2023, abin da ke shigowa ta Kwatano ya ragu ƙwarai. Na yi tunanin aikawa Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ta hannun direbobin da ke bin Matamaye da Daura, sai dai kayan da ba ka riƙa a hannu ka gwada ba, in ya zo bai dace ba mayar da shi wata tafiya ce. Sai muka sa tsohon a buhu, ni da yaron Baba, muka shiga zagayen masu kas na cikin gari, wato masu farfasa tsofaffin motoci su sayar da kayansu.

Maganar da za ka fi ji a wurin masu kas ita ce "duk ɗaya ne, na Land Cruiser ne". Na farkon da aka miƙo mana daga injin 2H aka ciro shi, injin lita 4.0 da ke cikin samfurin 60 da kuma 75 na farko-farko, kafin 1HZ ya maye gurbinsa a 1990. Volt 24 ne, an rubuta a jiki, girmansa kusan ɗaya da nawa, har na fara murna. Yaron ya ajiye su gefe da gefe a ƙasa, ya jawo bendiks ɗin kowane waje, ya shafa alli a haƙori ɗaya ya fara ƙirga. Nawa 12, wancan 11. Mai kayan ya ce haƙori ɗaya ba ya hana tashi. Muka kira Baba a waya. Ya ce gaskiya ne akwai motocin da ake musanya demarer mai haƙora daban ya yi aiki, saboda abin da ke da muhimmanci shi ne girman kowane haƙori da tazarar da ke tsakanin sandar bendiks da zoben, kuma wani maƙerin yakan gyara tazarar a jikin kwanon. Amma 2H da 1HZ ba gida ɗaya suka fito ba, kuma ba zai yi gwaji da zoben motata ba. "Kama da wane ba ta wane," in ji shi. In haƙoran suka shiga da matsi ko da sako-sako, zoben ne zai biya, kuma canza zobe sai an sauke akwatin giya gaba ɗaya. Ba mu ko kai shi jikin injin ba.

Na biyun shi ne jarrabawar gaske. Daga samfurin 79 ya fito, wanda aka fara yi a 1999, injinsa 1HZ irin nawa sak. Ramukan noti ɗaya, haƙora 12, tsawon hanci ɗaya, ga shi tsaf kamar bai yi aiki ba. Sai dai a jikinsa an buga 12V. Mai kayan, wani Alhaji mai daɗin baki, ya ce, "Malam direba, ai ba matsala, batir biyu gare ka, a ja masa wuta daga guda ɗaya." Wani makanike da ke zaune a wurin ya ce shi ma ya taɓa saka na 12 a kan 24 kai tsaye, mota ta tashi kafin ya saki makulli.

Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, shi ya sa suke cin mutane. Demarer na volt 12 in aka ba shi 24 zai juya da gudun da ya wuce ƙa'ida, mota ta tashi da sauri, amma bendiks zai riƙa dukan zoben da ƙarfi kowace safiya har haƙora su fara ɓallewa, naɗin otomatik kuma ya yi ta zafi har ya ƙone. Jan wuta daga batir ɗaya kuwa ɓarnarsa a hankali take zuwa. Batir biyu a jere kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya: abin da injin ke mayar musu na caji daidai yake ratsa su biyun. In ɗaya kaɗai ake ɗora wa nauyin tada injin, kullum yana cikin yunwa, ɗayan kuma yana shan cajin da ya fi ƙarfinsa har ruwansa ya tafasa ya ƙafe. Cikin ƴan watanni ka sayi batir biyu. Irin wannan ne ke samun masu jona rediyo da abin cajin wayoyin fasinja a kan batir guda, su yi ta zagin mai sayar da batir. Akwai kuma zancen waya. Ƙarfin da volt 24 ke bayarwa, in za a same shi da volt 12 sai wutar da ke bin waya ta ninka, don haka wayoyin motar 12 sun fi kauri. Mai son mayar da mota 24 zuwa 12 da gaske sai ya canza abin caji, bujin zafi, ƙwayayen fitila, abin da ke yanke gazuwal a jikin famfo, agogunan gaban direba, da sauran tarkace. Ban zo yin wannan ba. Na yi wa Alhaji godiya muka fita.

Wanda ya raba gardama a ƙasan wani tebur muka same shi, cikin ƙura, a wurin wani mai kas da ya farfasa Land Cruiser 80, wadda muke kira VX, da ta yi hatsari. Injinta 1HD-T ne, mai turbo. Mai kayan ma bai yi niyyar nuna mana shi ba. Ya ce na volt 12 ne kuma rago ne, wani ya saya ya saka a motarsa ya dawo da shi, wai ba ya iya juya injin. Hujjarsa a kan volt 12 ɗin ita ce shi da hannunsa ya cire fitilu da rediyon motar, duk na 12 ne. Da yaron ya gaya wa Baba haka a waya sai ya ce mu bar kuɗin jingina mu kawo shi yanzu-yanzu.

Abin da Baba ya sani, wanda mai kas bai sani ba, shi ne wasu VX masu gazuwal, musamman waɗanda aka yi wa kasuwar Turai da Japan, wuta biyu suke amfani da ita. Komi na motar volt 12 ne, batiran biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, amma da zarar an murɗa makulli akwai wani babban abin sauya layi da ke jera su su ba da 24 ga demarer kaɗai, in injin ya tashi ya mayar da su yadda suke. An yi haka ne domin ƙasashen sanyi. Saboda haka wanda ya saka shi a motar volt 12 rabin abincinsa ya ba shi, dole ya ce rago ne. Sannan 1HD-T da 1HZ ƴan gida ɗaya ne, a shekara ɗaya suka fito, lita 4.2 dukansu, gangar jikinsu iri ɗaya. Bambancinsu yana sama: 1HD-T yana fesa gazuwal kai tsaye cikin silinda kuma yana da turbo, 1HZ kuwa ta wani ɗan ɗaki yake fesawa, shi ya sa ya fi dogara da bujin zafi. Wurin zaman demarer bai bambanta ba.

Baba bai tsaya ga saninsa ba. Ya wanke jikin da gazuwal ya goge da tsumma har rubutun ya fito: 24V, 4.5kW, da lambar kaya mai farawa da 28100, wadda ita ce ta demarer a tsarin Toyota, sai 17 a bayanta, kamar yadda take a tsohon nawa. Ya ƙirga haƙora, 12. Ya ɗauki ma'auni ya auna daga fuskar da ke manne wa injin zuwa bakin bendiks yana zaune, ya sake aunawa an jawo shi waje, a kan tsohon da sabon, domin in ya gaza tsawo gefen haƙora kawai zai riƙa kamawa, in ya zarce kuma ba zai saki zoben ba bayan injin ya tashi. Ya juya bendiks ɗin da yatsa: ya kamata ya tafi sumul ta gefe ɗaya, ya cije ta ɗayan, kuma gefen da ya cije ya zama ɗaya da na tsohon, don akwai demarer da ke juyawa dama, akwai mai juyawa hagu. Daga nan ya danne shi da ƙafa a ƙasa ya jona masa batir ɗaya. Bendiks ya fito da kasala, ya juya kamar mai jin barci. Ya jera batir biyu ya sake jonawa, sai da abin ya nemi ƙwacewa daga ƙarƙashin takalminsa. Mai kas da ya biyo mu don ya ga ƙarshen zance ya so ya ƙara kuɗi a nan take, amma an riga an yi ciniki gaban shaidu.

Duk da haka sai da aka buɗe shi. Kayan da ya kwanta cikin ƙurar Damagaram ba a ɗora shi haka nan. Sharbonsa da saura sosai. Tagullan otomatik sun ɗan ci, aka saka sababbi tun yana kan benci, don ba wanda ke son sake kwanciya ƙarƙashin mota saboda su. Demarer ɗin irin mai giya a ciki ne, motarsa ƙarama tana gudu da sauri, wasu haƙora na rage gudun su ƙara ƙarfi, kuma su aka wanke aka sa musu sabon giris. Sandar da bendiks ke zamewa a kai kuwa ɗan mai kaɗan Baba ya shafa mata. Ya ce giris mai yawa a nan in ya haɗu da ƙurar hanya da garin kuloci yakan zama taɓo ya riƙe bendiks.

Kafin a ɗora, ya haska tocila ta ramin da demarer ke shiga, yaron yana juya injin a hankali da sifana ta gaba, muka bi haƙoran zoben kaf. Injin mai silinda shida in an kashe shi yakan tsaya a ɗaya daga wurare uku, don haka a wuraren nan uku bendiks ke fara dukan zoben kusan kullum, kuma nan ne ake samun cin. Mai silinda huɗu, irin 3B ko injunan Hilux, wuri biyu ne. A nawa wuraren sun nuna, bakin haƙoran ya ɗan daku, amma babu wanda ya karye. Aka goge fuskar da demarer ke zama a kai har ƙarfe ya fito fes, saboda ta nan wutar ke komawa, fenti ko tsatsa a wurin yana rage masa ƙarfi.

Ya shiga ramin ba tare da an buga shi ba, notin biyu suka tafi da hannu kafin a ɗaure da sifana. Abin da bai dace ba ɗaya ne, bakin ƙaramar wayar makulli, na VX da na motata siffarsu daban. Yaron ya so ya murɗa wayar ya naɗe da leda, Baba ya daka masa tsawa, ya yanko bakin daga tarkacen wayoyin da ke rataye a shagon ya haɗa da dalma. Aka ɗaure babbar waya, aka mayar da robar da ke rufe ta, aka duba ba ta gogar ƙarfe a ko'ina, sannan aka haɗa batir, wayar mas a ƙarshe.

Gwajin farko an yi shi ne da an cire wayar abin yanke gazuwal, domin injin ya juya kada ya tashi, mu saurari haɗuwar haƙora. Abin da ake tsoro shi ne kuka mai tsini ko ƙarar niƙa. Babu ko ɗaya, sai juyi mai nauyi, daidai-wa-daida. Baba ya sa aka yi haka ƴan daƙiƙu kaɗan aka tsaya, ya taɓa wayoyi ya ji ko akwai mai zafi. Aka mayar da wayar gazuwal, na murɗa, ta tashi, bendiks ya saki nan da nan.

Baba bai sallame ni a ranar ba. Ya ce demarer ba ya ƙonewa haka kawai, wani abu ne ke sa a daɗe ana murɗa shi. Ya kwance bujin zafi shida ya gwada su ɗaya-ɗaya, biyu sun mutu. Da sanyin Disamba da Janairu, injin 1HZ mai matattun buji sai an yi ta juya shi yana fitar da farin hayaƙi kafin ya kama, kuma demarer ba a yi shi don dogon aiki ba: daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta ya huce, sannan a sake. Su ma bujin sai da muka nemo na motar volt 24, don na 12 a kan wutata ba za su kwana ba. Ya kuma canza wata robar gazuwal da ta tsage kusa da matatar gazuwal, wadda ke barin iska ta shiga layi in mota ta kwana.

Tsohon demarer ban bar wa masu gwangwan ba. Bendiks ɗinsa da giyar cikinsa lafiyarsu lau, suna cikin akwatin kayan aiki bayan kujera tare da tagulla biyu na ajiya. Zoben faifan kuma mun yi shawara da Baba a bar shi sai ranar da kuloci ya nemi canji, tun da a lokacin dole a sauke akwatin giya, sai a yi aikin biyu da kuɗin sauka ɗaya.